Wake, gyaɗa ko waken suya: wanne ya cancanci kuɗin adashinki da kaka?

Ranar wata Asabar da la'asar sakaliya ina tsakar gida ina tsinkar zogale, sai ga matar ƙanena ta yi sallama. Har yau amarya muke ce mata, duk da goyonta na biyu ne a bayanta. Ta zauna bakin tabarma ta sa hannu muna tsinka tare, sai da muka kusa cika faranti sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta kwashi adashi, gobe Lahadi kasuwar Gujungu, kuɗin kuma ba za su wuce rabin buhu na abu ɗaya ba.

"Yaya, wake zan sa a auno mini, ko gyaɗa, ko kuwa waken suya? Kin ga nama dai sai mu ji ƙamshinsa a maƙwabta."

Na yi dariya, don maƙwabtan ma ƙamshin daddawa ne ke tashi a gidansu. A ƙauyukanmu na ƙasar Taura da Ringim nama na ranar suna ne da biki da Babbar Sallah, sai ko ranar da kaza ta fara gyangyaɗi aka yi maza aka riga ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗan ƙashin miyar da maigida kan riƙo ranar kasuwa ma ya zama sai an yi sa'a. Mutanen birni da likita ya hana jan nama suna ta tambayar yadda ake girki ba nama, mu kuwa gadonsa muka yi. Abin da ba mu cika zama mu auna ba shi ne wanne a cikin ukun nan ya fi riƙe tukunya daga wannan kaka zuwa wata.

Gyaɗa na ce mata ta saya. Amma da wata ce ta tambaye ni, mai yiwuwa wake zan ce.

Wajen cika ciki babu mai ja da wake. Ki dafa gwangwani huɗu na shinkafa da biyu na wake, ki kawo mai da yaji, yara su ci garau-garau da hantsi, ba za ki sake jin "Umma yunwa" ba sai bayan la'asar. Manomin da ya karya da ɗanwake yakan kai azahar a gona ruwa kawai yake nema. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake furotin ne, wato sinadarin gina jiki da ake nema a nama, kuma akwai hikima a haɗin da iyayenmu suka saba yi. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin wani ɓangare na furotin da ake kira laisin, wake yana da shi a wadace. Inda wake ya gaza kuma hatsi ke cikewa. Tuwon dawa da miyar wake, ko shinkafa da wake a tukunya ɗaya, sun fi kowanne shi kaɗai gina jiki. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan waken namu, kuma yawancinsa daga gonakin arewa yake fitowa, tsakanin kunyoyin gero.

Ga shi da yawan fuska. Daga kwano ɗaya za ki yi alale, ki yi ƙosai, ki yi tubani, ki yi faten wake da alayyahu ko yakuwa. Ni dai ɗanwake ne ya fi yi mini rana. Nakan haɗa wake da busasshen rogo da ɗan dawa a niƙo mini, in tankaɗe in zuba kuka, in rufe a bokiti. Garin yakan yi makonni bai yi komai ba. Da asuba in kwaɓa da ruwan kanwar da na jiƙa tun dare, in riƙa tsinkawa ina jefawa a tafasasshen ruwa. In ya taso sama kumfa ta nemi zubewa sai in yayyafa ruwan sanyi, in bar shi ya ƙara tafasa biyu, in tsame. Kuskurensa biyu ne kuma duk na yi su ina amarya. In kuka ta yi kaɗan ya narke ya koma kunu, in kanwa ta yi yawa ya yi duhu ya yi bauri, yara su ci loma biyu su ture.

Irin waken ma da bambanci. Kanannaɗo, fari mai manyan ƙwaya, ya fi auki a ƙosai da alale kuma ɓawonsa na fita da sauƙi in an surfa. Ɗan Ila na tsaka-tsaki ne. Aloka, ƙanana masu ɗigo-ɗigo, sun fi araha kuma a garin ɗanwake ba mai gane su.

To amma wake na da haraji. Na farko itace. Sabon wake na kaka nan da nan ya nuna, wanda ya yi wata shida a ɗaki mai zafi kuwa sai ya cinye miki rabin dami yana nan garas-garas. Shi ya sa mata ke danna masa kanwa, ita kuma kanwa in ta yi yawa tana kashe wasu daga cikin bitamin ɗin da ke cikinsa. Gara ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan da safe, ya fi saurin nuna kuma kumburin ciki na raguwa.

Haraji na biyu shi ne ƙwaro, kuma shi ne ya fi ciwo. Tun daga gona yake biyo waken, tsutsarsa na ɓoye a cikin ƙwayar ba a gani. Ki zuba a buhun masara haka kawai ki jingine, kafin wata uku ki kwance ki tarar da huji-huji da gari da wari. Tsofaffi sukan cuɗa shi da toka ko yashi mai laushi a tulu, wasu su watsa barkono. 'Yan kasuwa marasa tsoron Allah kuwa fiya-fiya suke yayyafa masa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan maganin da ta samu a cikinsa. Abin da Bature ya mayar, mu aka auna wa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mace ta sayi wakenta da kaka daga hannun manomi, tun bai shiga sito ba, maimakon ta riƙa awo a watan Yuni ba ta san abin da aka zuba masa ba. In kika ga tsohon wake fes babu huji ko ɗaya, ƙuda ma ba ya sauka a kai, ki sunsuna kafin ki biya.

Maganin da ba guba shi ne a hana ƙwaron iska. Buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu a waje. A shanya waken ya bushe ƙayau, a zuba, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban. Iska na ƙarewa ƙwaron ya mutu. Wankakkiyar jarka mai murfi da aka cika taf ma tana yin aikin. Ni shekarar da na fara amfani da buhun na ajiye shi a ƙasa a lungun ɗaki, ɓera ya huda gindinsa ban sani ba. Ranar da na kwance don ƙosan azumi ƙwari ne suka fara yi mini maraba. Tun daga nan a kan benci nake ɗora shi, nesa da bango, na ci yau da gobe kuma in ware shi daban don kada in riƙa buɗewa.

Na tambayi amarya, "Duk waɗannan da na lissafa, wanne ake ci gaya?"

Ta yi shiru ta ce babu. Ɗanwake ba mai ba ya wuce maƙogwaro. Garau-garau, sunansa ma na biyu mai da yaji. Ƙosai kuwa wanka yake yi a cikin mai. Duk macen da ta zuba kuɗinta kaf a wake za ta wayi gari kullum tana aiken yaro shago ya auno mata mai a leda, kuma a awon leda ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba.

Nan gyaɗa ta shigo. Ƙasarmu ta yashi ƙasarta ce tun fil azal. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da ya ratsa Ringim da Malam Madori ya biyo baya a 1930, kuma gyaɗa ce babban abin da yake kwasa. Kakanmu ya sha ba mu labarin jerin jakuna ɗauke da buhuna zuwa tasha, gyaɗar da ake tara dala da ita a Kano zamanin su Alhassan Ɗantata. Farin farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati, dalar ta ɓace. A ɗakin mata dai gyaɗa ba ta taɓa barin aiki ba.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, furotin ɗinta kuma ya kai na wake ko ya ɗara kaɗan. Wato abu biyu kike saye da kuɗin abu ɗaya. Ki soya ta sama-sama, kada ta yi ja sosai, ki murje ki bakace, a kai inji. In an dawo da ita ki juye a turmi, kina ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina juyawa da taɓarya. Da farko kamar ba abin da ke faruwa, hannu ya gaji, sai can ki ga ƙullin ya fara haɗe jikinsa yana sakin turmi, mai yana tsatsowa ta gefe yana taruwa rawaya shar. Daidai ruwa daidai tsaki ne, in kika yi garaje kika zuba ruwa da yawa ta cuɗe ta ƙi ba da mai. Ki kwashe, ki matse tunkuzar, ki mulmula, ki soya ƙuli-ƙuli a cikin man da ya fito daga jikinta. 'Yar Dakar, mai ƙananan ƙwaya, ita masu ƙuli suka fi nema don mai. A hannuna tiya ɗaya mai kyau takan ba ni kusan kwalba. Manyan irin su mai bargo sun fi daɗi a tauna da miya.

Man ya tafi wajen ɗanwake da garau-garau. Ƙulin kuma, in ya soyu ya bushe, yakan yi watanni a rufaffen bokiti. Darajarsa ba ta fitowa sosai sai damina ta yi nisa. Watan Yuli zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, sabo bai nuna ba, maza na gona tun safe. A daidai lokacin ne Allah ke buɗe ganye kyauta: zogale a bayan ɗaki, rama a gefen gona, tafasa a kan hanya, yaɗiya ta nannaɗe shinge. Ganyen nan in babu mahaɗi abincin akuya ne. Ki dafa zogale ki matse, ki daka ƙuli da barkono da gishiri, ki yanka albasa da tumatir in akwai, ki ɗiga mai ki cuɗa, kin yi abincin rana na gida guda da abin da bai kai gwangwani biyu na ƙuli ba. Rama sai an tafasa an zubar da ruwan fari saboda tsami, tafasa kuma tana son ta dahu sosai. Ɗan man da ke cikin kwaɗon ma ba na daɗi kawai ba ne, shi ke taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A da ke cikin ganyen. Da gari kaɗan na tsaki za ki mayar da wannan zogalen dambu, ki watsa dakakkiyar gyaɗa a ciki. Ko ki yi fate da rama da gyaɗa ranar da aka wuni ana ruwa. A watannin nan wake ba ya yi wa mace wannan aikin, shi da kansa ya tsufa yana neman itacen da ruwa ya jiƙa.

Sauran shekara ma ba ta zama. Kabewa na nuna da kaka sai miyar taushe, da alayyahu da yakuwa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, miyar da in an yi ta da kyau baƙo ba ya lura babu nama sai ya kai ƙasan kwano. Da sanyi rogo ya shigo, a yi mandaƙo. Wanda ya je gari ya riƙo gurasa, a yi bandashe da garin ƙuli. Kunun gyaɗa da ɗan shinkafa da ruwan tsamiya na mai jego ne da maras lafiya da mai azumi. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai, wannan ya ishe ki sanin ƙarfinta.

Kayan ƙwalama na gida kuwa kusan duk ta hannunta suke bi. Na kaka ba a sayen su da adashi, gona ke kawowa: tumu da aka babbaka aka murje a tafin hannu, ɗanyar gyaɗa dafaffiya da gishiri, gurjiya, gasasshiyar masara. In waɗannan sun wuce iska ta fara kaɗawa, abin da mace ta ajiye shi ne zai yi magana. Ki narka sukari a kasko har ya yi ja, ki juye soyayyiyar gyaɗa, ki baza a faranti da kika shafa wa mai, ki yanka tun da zafi, kantu ya samu. Riɗi ma haka, kuma Jigawa gidan riɗi ce. Dakuwa da hallaka kwabo duk 'ya'yanta ne. Yaron da ya san akwai kantu a langar uwarsa ba ya tsayawa gaban mai tebur yana haɗiyar yawu.

Gyaɗa na da aibi, kuma babba. In ba ta bushe sosai ba, ko ta sha danshi a ajiya, tana yin funfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin. Gubar na cin hanta a hankali, tana tauye girman yara, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. In an matse mai, a tunkuza yawancinta ke zama. Abin takaici, ƙwayoyin da suka yamushe ko suka yi baƙi, waɗanda aka tsince aka ware, su wasu ke saye da araha su yi ƙulin sayarwa. A nan karin maganar wake ɗaya ke ɓata gari ta fi dacewa da gyaɗa. Ki zauna ki tsince kafin suya, duk wadda ta canja launi ko ta yi ɗaci ki zubar, kada ki ce asara ce, kada kuma ki ba kaji. In da hali ki saye ta da kwansonta, ta fi daɗewa, ki ɗora a kan katako inda iska ke ratsawa, ki riƙa ɓarewa daidai buƙata. Yaro ƙarami kuma ba a ba shi ƙwayarta, tana iya sarƙe shi. A daka ko a dama. Akwai ma wanda jininsa bai haɗu da ita ba, in ya ci jiki ya yi ruɗu-ruɗu ko numfashi ya toshe, wannan asibiti ake kai shi ba a jira.

Sai ƙaramin aibi, wanda kowace mace ta sani. Ɗanyen wake ba mai sata ya ci. Gyaɗa kuwa kowa ɓarawonta ne: yara, ɓera, baƙuwa, har maigida in ya shigo neman wani abu ya fita kumatu na motsi. In babu kwaɗo a ƙofar ɗakin, rabin buhu ba zai ga azumi ba. Kuma komai daɗinta ba ta tsayawa ita kaɗai a matsayin abinci, dole da tuwo ko tsaki ko rogo ko ganye a ƙarƙashinta.

Inna, mahaifiyarmu, tana gefe tana jan carbi ashe tana jin mu. Da amarya ta ce to waken suya fa, sai ta ɗago ta ce, "Wake abinci ne, gyaɗa mahaɗi. Wannan na ukun kuwa wahala ce kuka ɗauko wa kanku."

Inna ta yi tsauri, amma ba ta yi ƙarya ba. Su ba su taso da awara ba. A takarda waken suya ya fi su duka, furotin ɗinsa ya kai kashi 36 zuwa 40 cikin 100, kuma shi ya fi kusa da na nama. Ƙwaro bai cika damunsa ba, in ya bushe zai zauna a buhu lafiya. Yana da mai kusan kashi 20 cikin 100, sai dai ba ya fita a turmi, na injin kamfani ne. Ƙasarmu kuma ba ta cika karɓarsa ba, yana son ruwa fiye da wanda muke samu. Wanda ake aunawa a kasuwanninmu yawanci daga kudancin Kano yake zuwa, wajen Tudun Wada da Doguwa, ko Kaduna, ko Binuwai, da kuɗin mota a kansa.

Ba a dafa shi a ci kamar wake, kuma ɗanye ko wanda bai dahu sosai ba yana hana abinci narkewa. Hanyarsa awara ce, awara kuma wuni guda take ci. A jiƙa, a wanke, a ɗauka a ka zuwa injin markaɗe, a dawo a ƙara ruwa a tace, a ɗora babbar tukunya. Ba a matsawa daga gindin murhu, don yana tafasa kumfa ke yin ambaliya ta kashe wutar. Ɗigon manja kan kwantar da ita. Sannan a zuba ruwan tsami na gasara, ko na tsamiya ko lemon tsami, a ga madarar ta tsinke ta dunƙule ta taso ta bar ruwa garau a ƙasa. A kwashe a ƙyalle da jajjagen attaruhu da albasa, a ɗaure a danne da dutse, a yanka, a soya. Ki lissafa ruwan da kika ɗebo daga famfon tuƙa-tuƙa, da itace, da kuɗin markaɗe da ya tashi tare da fetur, da man suya. Bayan duk wannan, a zafin bazara ba firji, in ta kwana biyu ta yi yauƙi.

Saboda haka awara ta fi dacewa da mai sayarwa. In gidanku na kusa da makaranta ko bakin titi, inji na cikin unguwa, kina da 'yan mata masu taya ki, waken suya zai ciyar da gida ya dawo da kuɗi, dusar kuma ta yi wa tunkiya ƙiba kafin Sallah. In don tukunyar gida ne kawai, tiya ɗaya ko biyu sun isa, a saya lokacin da ake so. Inda na fi ganin amfaninsa ma ba a awara ba ne, a garin kunun yara ne da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown: awo 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. Ga mai yaye wannan ya fi koko tsura nesa ba kusa ba. Daddawarsa kuwa ana yi, ta fi ta kalwa araha, amma ni a miyar kuka ina gane ta tun daga ƙofa.

Da azumi ne ukun ke haɗuwa a faranti ɗaya, ƙosai ko alale, kunun gyaɗa, awara da yaji. Azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu yana faɗowa ƙarshen sanyi zuwa farkon zafi, 'yan watanni kaɗan bayan kaka, lokacin da wake da mai ke fara tashi a kasuwa. Wadda ta ajiye nata ba ta shiga wannan turmutsutsun. Abu ɗaya da babu a cikin ukun duka shi ne bitamin B12, wanda sai a abin da ya fito daga dabba. Kada rashin nama ya sa a daina sayen nonon Fulani ko a kai duk ƙwan gida kasuwa, musamman inda akwai mai ciki ko mai shayarwa.

Tambayoyi uku na yi wa amarya. Ƙanena ya samu wake a gona bana? Ta ce ya samu, ya shuka a cikin gero, an ɗaure harawa, waken zai kai buhu in an casa. Mai fa, saye kuke yi? Kullum, a leda. Injin markaɗe? Sai an je ƙauyen gaba, mai injin ma ba kullum yake tayarwa ba. To magana ta ƙare. Gidan da ke da hatsi da wake a rumbu mai da mahaɗi ya rasa, gyaɗa zai saya, ya ware kuɗin buhun PICS ɗaya don waken da yake da shi. Gidan da ba a noma wake ba, ko ma'aikaci ne mai awo, ko yara sun yi yawa hatsi ya yi kaɗan, ya fara da wake, kashi biyu wake kashi ɗaya gyaɗa, don ciki ake fara toshewa. In kuɗin sun yi ƙasa da haka ma kada a fasa sayen ko tiya biyar ce da kaka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙara mata da abin da za ta gaya wa ƙanena in ya je kasuwa. Ya tura hannu har tsakiyar buhu, kada ya yarda da na sama. Ya girgiza kwanson ya ji ƙwaya na kaɗawa, alamar ta bushe. Ya ɓare 'yan kaɗan ya tauna, in ta yi taushi ko ɗaci ya wuce gaba. Kuma ya tsaya a kan awo da idonsa.

Lahadi da magariba na ji tsayuwar babur a ƙofar gidansu. Gyaɗa ce da kwansonta, da sabon buhu mai leda a naɗe. A saman kayan kuma ga wani ƙulli daban, tiya biyu na waken suya, wai ita dai sai ta gwada. Ranar Laraba yaronta ya shigo da kwano a rufe, an ce a kawo wa Inna. Awarar ta ɗan farfashe, ruwan tsamin ya yi mata yawa. Inna ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta dangwali yaji ta ci, ta ɗauki ta biyu, sannan ta ce wa yaron ya gaya wa uwarsa gobe ta kawo gyaɗar a fara tsinta.